Hoton Uwaliya a Gindin Rumbu

Dutsen farko ya faɗo ne saura kaɗan a kira magariba. Maigidan, Malam Baƙo, yana zaune a kan kifaffen turmi a tsakar gida, ya naɗe hannun riga yana alwala, 'yarsa Badi'a kuma tana bakin murhu tana kwashe tuwo. Yammaci ne irin na ƙarshen damina a Masanawa. Dawa ta fid da kai a bayan katanga, iska ta tsaya cak, kaji sun fara hawa makwancinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai suka ji ƙwal a kan kwanon ɗakin da ke kusa da tsohon rumbu. Dutsen ya gangaro a hankali kamar mai zaɓen wurin sauka, ya faɗo, ya mirgino har gaban Baƙo, ya tsaya dab da butarsa.

Ya ɗauka ya duba. Baƙin dutse ne, bai wuce ƙwan zabuwa ba, amma da ɗumi a jikinsa kamar yanzu aka zaro shi daga toka. Ya fita ta zaure, ya zaga bayan gida har bakin gona. Babu kowa, ko akuya babu. Da ya dawo sai ya tarar Badi'a ta saki mara a cikin tukunya, ta zuba wa rumbun ido ba ta ko ƙiftawa.

"Me kike kallo?"

"Baba, ba ka ji ba? Kamar wani yana kuka a ciki."

Baƙo ya kasa kunne. Bai ji komai ba sai muryar ladan da ta fara tashi daga masallacin bakin hanya.

"Kyanwa ce," in ji shi. "Kwashe tuwonki ki shiga ɗaki, magariba ta yi."

Ya tafi masallaci da dutsen a aljihu. Har aka sallame bai huce ba.

Su biyu ne kawai a gidan. Wata bakwai ke nan da rasuwar Uwaliya, matar Baƙo, kuma Badi'a, 'yar shekara goma sha tara, ita kaɗai ce ta rayu a cikin 'ya'yan da suka haifa. Uwaliya gwanar ɗinkin hula ce. Daga Kabo har Gwarzo, in ango yana son hular da za a tambaye shi inda ya samo ta, ƙofar Baƙo ake nuna masa. Ita ce ta koya wa Badi'a riƙon allura tun kafin ta iya ɗaura zane, shi kuma Baƙo shi ne mai kai wa kasuwa. Shekara biyu da suka wuce wani mai gyaran waya a Gwarzo, Faruk, ya saka masa manhajar kasuwanci a wayarsa, ya nuna masa yadda zai ɗauki hoton hula ya ɗora, masu saye daga Kano da Kaduna su gani su yi magana. Daga nan zirga-zirgarsa ta ragu, gidan ya samu sauƙi.

Manhajar tana da wata ɗabi'a da Baƙo bai taɓa kula da ita ba. Duk hoton da aka ɗora mata, ba ta shawara da kowa, sai ta rage masa girma ta matse shi, domin ya buɗe da sauri a wayar mai saye ko da sabis ba shi da ƙarfi. A kan hula wannan ba ya damun kowa. In mai saye ya ce zanen bai fito ba, sai a sake ɗauka a kusa.

Uwaliya ba ta son hoto. In ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ce hular zai sayar, ba ita ba. Amma wata rana da yamma, mako biyu kafin ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, tana zaune a gindin rumbu da wata hula mai ruwan toka da ta gama a ranar, ya ce ta ɗaga masa ita a haske. Ta ɗaga, ya faɗi wani abu da ya ba ta dariya, shi kuwa ya danna. Hoton ya fito tas. Ana ganin wushiryarta, ana ganin 'yar tsagar da ke gefen idonta, har zaren da ya maƙale a leɓenta ana gani. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Bayan rasuwarta Badi'a kan karɓi wayar in sun gama cin abinci, ta buɗe shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar masa.

Kwana uku kafin dutsen nan, wani mai saye daga Kaduna ya matsa yana son ganin huluna goma sha biyu kafin motar da zai aiko ta tashi. Badi'a ta tafi ɗiban ruwa. Baƙo ya shimfiɗa hulunan a tabarma, wayar ta ƙi ɗauka, ta ce ta cika. Ya tuna Faruk ya taɓa cewa manhajar tana da wurin ajiya da masu saye ba sa gani. Cikin sauri ya tattara duk hotunan da ke wayar ya tura can, ya ga sun shiga, ya dawo ya goge su daga wayar. Ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna e. Ta ce akwai sauran a kwandon shara, ya share wannan ma. Ya ɗauki hoton hulunansa, mai saye ya gamsu, shi kuma ya ji daɗin dabararsa.

A yammacin ranar Badi'a ta karɓi wayar kamar kullum. Ya nuna mata inda hoton ya koma. Ta buɗe, ta sa yatsu biyu ta ja domin fuskar ta matso, sai fuskar ta tarwatse ta zama ƙananan murabba'ai masu ruwan ƙasa. Babu wushirya, babu tsaga. Wuri biyu masu duhu ne a inda idanu suke.

"Baba, ina na ainihin?"

"Ai shi ne wannan."

"Ba shi ba ne."

Ta ajiye masa wayar a kan tabarma da hannu biyu, ta shiga ɗaki. Baƙo ya ɗauka ya ƙura ido, a nan ne ya lura da wani abu. A saman kafaɗar Uwaliya, a bakin rumbu, akwai wani baƙin tabo mai siffar ƙaramin mutum a tsugune, ya dafa gwiwoyi, ya leƙo yana kallon hular. Ya kalli hoton nan fiye da sau ɗari lokacin yana cikakke, bai taɓa ganin wannan ba.

Daga ranar dutsen farko, magariba ta daina zuwa gidan ita kaɗai. Da zarar rana ta yi ja, inuwar rumbu ta kai bakin murhu, sai jifa ta fara. Ranar farko ɗaya, washegari uku, daga baya har ba a ƙirgawa. Duwatsun ba sa samun kowa. Sukan faɗo kusa da ƙafar mutum su tsaya, da ɗuminsu. In ladan ya ce Allahu Akbar sai su ɗauke, gidan ya yi shiru irin wanda ake jin bugun zuciya a cikinsa. A cikin shirun ne Baƙo ma ya fara jin kukan. Siririn kuka ne, ba na jariri ba, ba na babba ba, kamar na wanda aka rufe a cikin kwalba.

Ya hau tsani ya buɗe rumbun da rana tsaka. Rabonsa da zuba hatsi a ciki shekara huɗu. Babu komai sai yanar gizo da warin tsohuwar ƙasa.

A rana ta shida Badi'a ta buɗe akwatin da suke ajiye hulunan da aka gama, sai ta yi ƙara ta ja da baya. Huluna tara ne a ciki, duk sun ƙanƙance. Ba yagewa suka yi ba, ba ruwa ne ya taɓa su ba. Kowace tana nan da zanenta da launinta, amma ba za ta shiga kan jaririn kwana bakwai ba. Baƙo ya ɗauki ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa yana jujjuya ta.

Ya aika wa yayarsa Rahamatu, wadda ke aure a Sabon Birni. Ta zo da ƙunshin kayanta da tazbaharta, mace mai faɗa da ƙarfin zuciya, ta ce ita ba ta ga abin da zai kore ta daga gidan ubanta ba. Ta share gidan, ta yi turaren habbatus sauda, ta hana Badi'a fita tsakar gida in rana ta sunkuya. Maƙwabta da farko sun shigo jaje, sun tsaya sun ga jifa da idonsu. Daga baya mata suka daina aiko ɗiban wuta, maza kuma in sun gaisa da Baƙo a masallaci sukan saki hannunsa da wuri.

Badi'a ta fara canjawa a hankali. Ta daina ɗinki. Ta rage cin abinci. In ta zauna sai ta haɗe gwiwoyinta da ƙirjinta, ta cusa kai a tsakani, ta matsa cikin kusurwar ɗaki kamar tana son bango ya haɗiye ta. In an yi mata magana takan ɗago ta amsa da ladabi, amma muryarta kamar daga nesa take zuwa.

Ranar Talata da magariba suka neme ta suka rasa. Rahamatu ta duba bayi, ta duba madafa, Baƙo ya fita har bakin rijiya yana kiran sunanta. Da ya dawo sai ya ji nishi daga ƙarƙashin rumbu, a ɗan wurin da ke tsakanin duwatsun da aka ɗora shi a kai, inda kaji ke fakewa in ana ruwa. Wurin bai kai kamu biyu ba. A nan Badi'a take, a nannaɗe, ƙafafunta a bayan wuyanta, ta yadda babu ɗan Adam mai ƙashi da zai iya. Sai da suka kira maza biyu aka tona ƙasa sannan aka zaro ta. Idonta a buɗe, ba ta kallon kowa, tana maimaita magana ɗaya a hankali.

"An matse ni. An matse ni. Ku buɗe."

Rahamatu ta dubi ƙanenta. "Baƙo, me ka yi?"

Ya gaya mata labarin hoton. Da ya gama ta ce, "To gobe ka je ka dawo da shi yadda yake. Ni kuma zan aika Garo a kira Malam Zainulabidin."

Da sassafe ya hau babur zuwa Gwarzo. Shagon Faruk yana cikin layin masu waya, cike da ƙarar janareta da warin dalma. Faruk mutum ne mai haƙuri, ya kai shekara arba'in, ya ture aikin da ke gabansa ya karɓi wayar. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya daɗe yana bincike, Baƙo yana tsaye ya ƙi zama.

"Baba, bayan ka goge, ka ci gaba da ɗaukar hotuna?"

"Na ɗauka. Da yawa."

Faruk ya girgiza kai. "Sababbin sun hau kan wurin da tsohon yake. Babu shi a nan."

"To ka ciro na cikin manhajar ka mayar da shi babba. Ai na ga ya shiga da idona."

"Wanda ya shiga ba shi suka ajiye ba. Da ka tura, nan take injinsu ya rage shi, ya zubar da abin da yake ganin ba a buƙata, ya ajiye ɗan ƙaramin. A rubuce yake a ƙa'idarsu, ba sa riƙe na ainihi. Ba mutum ne ke yi ba balle a roƙe shi, haka aka tsara abin."

"Abin da ya zubar ɗin, ina yake zuwa?"

Faruk ya ɗago ya dube shi. Ya ga idon mutumin, sai ya sassauta murya. "Ba ya zuwa ko'ina, Baba. Babu shi ne kawai. Akwai manhajar da za ta iya cike fuskar, ta yi kyau, amma ƙirƙira za ta yi. Za ka ga mace, sai dai ba matarka ba ce. Abin da aka yanke ba ya dawowa."

Baƙo ya karɓi wayarsa ya yi godiya. A hanyar dawowa sau biyu yana tsayar da babur a gefen titi, ya buɗe hoton ya kalla, sannan ya ci gaba da tafiya.

Malam Zainulabidin ya iso bayan la'asar. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba shi da yawan magana, ya yi shekaru yana karantarwa a Garo kafin mutane su san shi da ruƙiyya. Ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa sai da ya zaga gidan. Ya daɗe a tsaye gaban rumbu. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka daka ganyen magarya aka zuba a ƙwaryar ruwa, aka fito da Badi'a cikin hijabi, Rahamatu ta riƙe kafaɗunta. Ya ce wa Baƙo ya zauna kusa, ya riƙe wayar, kuma kada ya yi magana sai an ce ya yi.

Ya fara karatu. Fatiha, farkon Baƙara, Ayatul Kursiyyu, muryarsa a ƙasa, ba gaggawa. Rana tana sauka. Inuwar rumbu ta taho a hankali har ta taɓa bakin tabarmar. Dutse ya faɗo a gefen ƙwaryar, wani ya biyo, Malam bai ko ɗaga kai ba. Da ya kai ƙarshen Baƙara ya yayyafa mata ruwan, sai jikin Badi'a ya sandare. Yatsunta suka lanƙwashe. Kanta ya ɗago a hankali, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Assalamu ala manittaba'al huda," in ji Malam. "Wace ce ke?"

"Na riga kakan maigidan zama a gidan nan. Da aka kafa rumbun nan ina kallo."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba." Idon Badi'a ya juyo ya tsaya a kan Baƙo, ido ne da bai taɓa gani a fuskar 'yarsa ba. "Shi ya yi."

"Faɗi abin da ya yi."

"Ina da ɗa guda. Yana son kallon matar nan in tana ɗinki. Kullum da yamma sai ya hau bakin rumbu ya zauna. Shekara da shekaru, ko zarenta ba mu taɓa ɗauka ba. Ranar da wannan ya ɗaga abin hannunsa, ɗana yana zaune a wurin, abin ya kama inuwarsa. Na yi haƙuri, domin inuwar tana nan cikakkiya, yaron yana ci yana sha. Da matar ta mutu har kuka ya yi mata. Sai wannan ya ɗauki inuwar ya jefa a cikin abin da ke matse komai." Muryar ta karye. "Yanzu a tafin hannuna nake riƙe shi. Ina kiransa yana kallona. Ba ya gane ni."

Rahamatu tana salati a hankali, hawaye na zuba. Malam ya juyo wajen Baƙo.

"Kada ka ɗauki duk abin da ta faɗa. Suna cuɗa gaskiya da ƙarya, mu ba mu da hanyar tantancewa." Ya koma gare ta. "Ko da haka ne, bai sani ba, bai yi da nufi ba. Ke kuma kin shiga jikin baiwar Allah da gangan. Wannan zalunci ne. Ki fita."

"A ba ni na ainihin in fita. Cikakke, yadda yake."

Malam ya dubi Baƙo, ya yi masa alama ya yi magana. Da ƙyar Baƙo ya haɗa kalmomin.

"Babu shi. Na je Gwarzo yau. Wallahi da ana saye da rai da na saya. Fuskar matata ce a ciki, ni ma na rasa ta."

Sai ta yi wani kuka mai tsawo, irin wanda Baƙo bai taɓa ji ba ko a gidan mutuwa. Kajin da suka hau makwanci suka watse. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan suka ɗauke.

"To a yanka mini baƙin bunsuru a gindin rumbu. In shafa masa jinin."

"Ba a yanka don wanin Allah. Ko tsinke ba za a ba ki ba ta wannan hanya."

"To a bar mini yarinyar daga magariba zuwa isha. Sauran yinin naku ne. Hannunta irin na uwarta ne, in ya ga tana ɗinki wataƙila ya tuna."

Malam ya ɗora karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Ya karanta Saffati, ya karanta Jinni, ya maimaita Falaƙi da Nasi yana tofawa. Jikin Badi'a yana murɗewa, Rahamatu ta danne ta da dukan ƙarfinta, muryar tana ihu tana zagi, daga baya ta koma roƙo. Ladan ya kira magariba, ba wanda ya motsa. Duhu ya fara cika kusurwoyin gidan.

"Tsaya," ta ce a ƙarshe, da ƙyar. "Zan fita. Abu ɗaya ya rage. Ƙaramin da ya saura a cikin abin nan, a goge shi. Muddin yana nan ɗana a matse yake. A sake shi ko a yaya yake, in ɗauke shi mu tafi."

Malam ya shafa gemunsa. "Wannan babu saɓo a cikinsa," ya ce. "Malam Baƙo, hotonka ne. Ba zan tilasta ka ba."

Baƙo ya buɗe wayar. Haskenta ya bugi fuskarsa. Ga Uwaliya nan, 'yar ƙarama, ta ɗaga hula. In bai ja hoton ba, in ya riƙe wayar nesa da idonsa ya runtse kaɗan, yana iya ganin kamar dariya take yi. Ya daɗe a haka. Ya dubi 'yarsa a kwance, leɓenta ya fashe, hijabinta ya jiƙe sharkaf. Ya danna. Manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna.

Wani dogon numfashi ya fita daga ƙirjin Badi'a.

"Ki yi alkawari da sunan Allah ba za ki dawo ba, ke da naki," in ji Malam.

"Na yi. Ba abin da zan dawo nema."

"Ta ina za ki fita?"

"Ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu." Idon ya sake juyowa kan Baƙo, babu fushi a cikinsa yanzu, gajiya ce kawai. "Ina tare da kai a Gwarzo. Na ji abin da mai wayar nan ya gaya maka. Gaskiya ya faɗa."

Ƙafar hagun Badi'a ta yi rawa, ɗan yatsan ya miƙe ya karkaɗa. Ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Daga cikin rumbu suka ji wani abu kamar an ja tsohuwar tabarma, sannan iska ta taso daga gabas ta kaɗa ganyen dawa, karo na farko a kwanaki goma sha ɗaya.

Suka yi sallar magariba a makare. Da suka idar Badi'a ta buɗe ido ta nemi ruwa da muryarta ta ainihi. Rahamatu ta tallafo kanta ta ba ta, tana kuka tana hamdala. Badi'a ta sha, ta ɗago ta dubi fuskar da ke sunkuye a kanta, ta daɗe tana dubawa.

"Wace ce?"

"Ni ce, 'yar nan. Gwaggonki ce."

"Na ji muryarki, Gwaggo. Amma me ya samu fuskarki?"

Jifa ba ta sake faɗowa ba. Kukan rumbu ya ɗauke. Badi'a ta ci abinci, ta yi ƙiba kaɗan, ta koma shara da girki. Tana ganin hanya, tana ganin ƙofa, tana bambance tukunya da ƙwarya. Amma duk abin da yake ƙanana, duk abin da ke buƙatar ido ya tsaya a kansa, ya tafi. Ta ce fuskar mutum a wurinta kamar an shafa hannu a kan ɗanyen zane take, ga wurin ido ga wurin baki, amma babu mutumin. Ta ɗauki allura sau ɗaya, ta yi ta laluben kafar har zaren ya jiƙe, sannan ta mayar cikin gwangwani ta rufe.

Baƙo ya kai ta asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya auna, ya sa ta karanta manyan baƙaƙe, ya ce idonta lafiya lau, sai dai a gwada ɓangaren ƙwaƙwalwa. Aka gwada, ba a ga komai ba. Malam Zainulabidin ya dawo sau biyu, ya yi karatu tun daga la'asar har rana ta faɗi, babu abin da ya motsa, babu wanda ya yi magana. A zaure, yana saka takalmi, ya ce wa Baƙo, "Wadda ta shiga ta fita. Abin da ya rage ɓarnar da ta bari ce. Ban san maganinta ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ku riƙe addu'a."

Masu saye suka yi ta aiko da saƙo suna tambayar sababbin huluna, har suka gaji. Baƙo ya cire manhajar daga wayarsa, ya koma gona gaba ɗaya. Rahamatu ta zauna da su wata biyu, sannan mijinta ya aiko, ta koma Sabon Birni. Kafin ta tafi ta ja ƙanenta gefe ta ce masa ya riƙa yin sallama da ƙarfi tun daga zaure, ko ya yi gyaran murya, kada ya riƙa bayyana a gabanta haka kawai.

Ya kiyaye. Amma wata rana bayan an gama girbi ya dawo daga kasuwar Kabo a gajiye, da sabuwar riga da ya saya a can ya saka, hankalinsa yana wani wuri. Ya yi sallamarsa a ciki-ciki, ya shigo har tsakar gida. Badi'a tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube. Ta ji taku, ta ɗago, ta dube shi sosai. Sai ta yi sauri ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta kau da fuska.

"Bawan Allah, maigidan ba ya nan. Ka jira shi a waje, yanzu zai dawo."

Baƙo ya tsaya da ledar kayan miya a hannu. Ya buɗe baki, ya ga yadda ta takure a cikin mayafin, ya rufe. Ya juya a hankali ya koma zaure. Ya jingina da bango ya daɗe a wurin, har ya tabbata muryarsa ba za ta ba shi kunya ba. Sannan ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ɗaga murya ya yi sallama kamar yanzu ya iso.

"Wa alaikumus salam," ta amsa daga ciki, da murna. "Sannu da zuwa, Baba. Yanzu wani mutum ya zo nemanka."